Yadda Ake Shirya Yawon Buɗe Ido na Ƙarshen Mako a Ƙasar Sakkwato Lokacin Kaka

Idan hutun gwamnati ya faɗo ranar Juma'a ko Litinin, ya haɗe da Asabar da Lahadi, ma'aikaci da ɗan makaranta sukan sami kwana uku a jere, kuma yawancinmu a Sakkwato mukan ƙarar da su ne tsakanin ɗaurin aure da gaisuwar 'yan'uwa da barcin rana. Zumunci wajibi ne, amma ana iya ware wani abu daga kwanakin a fita da iyali a ga ƙasa, musamman daga watan Oktoba zuwa farkon Janairu, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, hanyoyin karkara suka bushe, zafin bazara kuma da sauransa. Hutun 1 ga Oktoba yana bakin wannan lokaci, na 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu suna tsakiyar sanyin hunturu, hutun Sallah da na Mauludi kuwa suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka sai an duba kalanda kafin a san ko za su dace da kaka.

Shawarar da zan gina bayanin nan a kanta ita ce a taƙaita wuraren zuwa. Bakin ruwa ɗaya, gari ɗaya na kan tudu da lambu ɗaya sun ishi kwana uku. Wanda ya jera wurare bakwai a takarda yakan dawo gida bai ga komai ba sai kwalta da ƙura, yara sun gaji, mai ya ƙare, kuma ya yi dare a hanyar da bai kamata a yi dare a kanta ba.

Abin da ake yi kafin a tayar da mota

Tambayar lafiyar hanya ita ce ta farko, kuma ba a yin ta sau ɗaya. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan yake ciki a shekarun nan, daga Sabon Birni da Isa zuwa sassan Goronyo da Rabah, haka kuma yankin Tangaza da Gudu a arewa maso yamma. Wannan ya sa wurare masu daraja a tarihinmu, irin su kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da Gudu inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira a 1804, ba wuraren da zan ba mai iyali shawarar zuwa ba ne a halin yanzu. Ga sauran wurare, a tambayi direbobin haya da ke bin hanyar kullum, domin su ne suka fi kowa sanin abin da ya faru jiya da shekaranjiya, sannan a kira wani ɗan garin da za a je, a daren tafiya da kuma safiyarta. Idan maganarsu ta saɓa, a ɗauki wadda ta fi tsanani a fasa. A fita bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a kama hanyar komawa kafin la'asar.

Na biyu shi ne mai masauki. Kusan duk wuraren da zan ambata ba su da ofishin karɓar baƙi ko allon bayani, kuma baƙon da ya faɗa gari da kyamara a hannu ba tare da ɗan jagora ba, zargi kawai yake jawo wa kansa a irin wannan zamani. Tsohon abokin makaranta, ko abokin aiki ɗan garin, ko malamin firamare da aka haɗa ka da shi, ya isa. Shi zai kai ka gaban hakimi ko uban ƙasa ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne daga Sakkwato domin yara su ga wuraren tarihi," kuma daga wannan gaisuwa ta minti biyar ƙofofi da yawa sukan buɗe. A tafi da ɗan goro ko dabino.

Sauran shiri bai da wuya. A duba taya da safaya da ruwan inji, a cika tanki tun daga birni, a riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji domin sabis ɗin waya yakan yanke kuma masu sayar da kifi da kayan lambu sun fi son kuɗi a hannu. A ɗauki ruwan sha mai yawa, tabarma, buta, rigunan sanyi na yara, man shafawa saboda kaushin hunturu, da gidan sauro idan za a kwana, domin bayan ɗaukewar damina sauro yana nan da ƙarfinsa a bakin fadama. Mai ciwon asma ya tafi da maganinsa da abin rufe hanci.

Ranar farko a cikin birni

Idan hutun ya fara da Juma'a, ba sai an bar gari ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a Sakkwato rabonsu da Hubbaren Shehu tun suna yara, alhali mutane suna tasowa daga Nijar da Kamaru da Adamawa domin ziyararsa. A nan kabarin Shehu yake, wanda ya rasu a 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu a 1864, da na wasu Sarakunan Musulmi. A shiga da natsuwa da sutura mai kyau, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada a ɗauki hoto sai da izini. Daga nan a biya ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, a yi Juma'a a Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello. Gidan adana tarihi na Waziri Junaidu yana da rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi na zamanin daula, sai dai ma'aikatar gwamnati ce, don haka a bincika tun ana saura kwanaki ko za a same shi a buɗe ranar hutu. Wannan rana ita ce za ta sa yara su gane abin da za su gani a Wurno, domin Muhammadu Bello da ya kafa birnin Sakkwato a 1809 can kabarinsa yake.

Bakin ruwa

Mu ba mu da teku. Wanda ya ƙudura sai ya ga teku, to Legas tana da nisan kimanin kilomita 1,000 a mota, kuma hutun kwana uku ba zai ɗauki wannan ba sai ta jirgi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Bikin Kalaba da ake yi a watan Disamba ma haka yake, tafiya ce mai zaman kanta da kasafinta. Abin da muke da shi kusa shi ne gulbi, kuma babban bikin bakin ruwa na wannan yanki shi ne na kamun kifi na Argungu, wadda take jihar Kebbi tun da aka raba jihohin a 1991, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato.

Bikin ya samo sifarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Yana da kyau a sani cewa ba bikin kaka ba ne. Akan yi shi ne a wajen Fabrairu ko Maris, kuma ba kowace shekara ba, domin ya taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a Maris na 2020. Wanda yake son ganinsa sai ya saurari sanarwar gwamnatin Kebbi da masarautar, ya nemi masauki da wuri a Argungu ko Birnin Kebbi, ko kuwa ya kwana a gida ya yi sammako. Ranar babban su, a isa Matan Fada, wato ɓangaren gulbin da ake kamun kifin a cikinsa, tun da hantsi bai yi ba a kama wuri mai tudu, domin da zarar an ba da alama dubban masunta za su ruga cikin ruwa da homa da gora, kuma kamun kansa bai wuce kamar sa'a guda ba. Wanda ya makara, bayan mutane kawai zai gani. A riƙe hannun yara sosai, a rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane. A ra'ayina wasannin kabanci da ake yi kafin ranar, wato tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, sun fi daɗin kallo ga mai yara, saboda cunkoson bai kai na ranar ƙarshe ba.

A lokacin kaka kuwa Argungu tana da nata daɗin. Ruwa yana nan da yawa, ana yankan shinkafa a fadama, gari babu hayaniyar baƙi. A bi hanyar Boɗinga, kuma idan da hali a ɗan tsaya a Sifawa, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Argungu a fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda ake ajiye makamai da tambura da kayan su, kuma a can ne za a ji labarin Muhammadu Kanta da birninsa na Surame, wanda ganuwarsa ta dutse take tsaye har yau a yankin Binji tun ƙarni na 16. Sai a gangara bakin ruwa. Matan Fada ba a yin su a cikinsa sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne mai kula da wannan doka, don haka kada wani saurayi cikin tawaga ya ce zai gwada ƙugiya. A sayi soyayyen kifi da zafinsa a inda ake soya shi a gabanka, a tambayi mai sayarwa sunan kowane iri, domin yaron birni da yawa bai san bambancin tarwaɗa da ragon ruwa da giwan ruwa ba.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu a bakin ruwa. Kada a shiga kwalekwalen da ya cika da mutane da kaya, kuma kada a sa yaro a ciki ba rigar kariya, domin haɗarin jirgin ruwa ya ci rayuka da dama a wannan yanki. Sannan kada a bar yara su yi wanka a ruwan da ke kwance a gefen gulbi ko a tafki, saboda tsargiya. Game da salla, nisan Argungu ya haura barid huɗu, kimanin kilomita 80, da malaman Malikiyya suka ambata a babin ƙasaru, sai kowa ya tambayi malaminsa kafin tafiya.

Gari a kan tudu

Wurno ita ce zan zaɓa, matuƙar an tabbatar da lafiyar hanya a ranar. Ana bi ta Achida, kuma tafiyar ba ta da nisa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ta ne a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka da ke fuskantar Gobir, ya zauna a cikinta har ya rasu a 1837. Bayansa ma wasu Sarakunan Musulmi sun zauna a can, kuma Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853 zamanin Aliyu Babba. Uban ƙasar garin shi ne Sarkin Sudan. Bayan ziyarar hubbaren Bello, a roƙi ɗan jagora ya kai ku bakin tudun da ke kallon fadamar Rima. Daga nan ne mutum zai fahimci dalilin da ya sa aka kafa garin a wurin ba tare da an yi masa dogon bayani ba: mai tsaro yana hango duk abin da ke tahowa daga nesa, ga ruwa da ƙasar noma a ƙarƙashinsa. A hau da sanyin safiya, da takalmi mai rufi saboda tsakuwa da ƙaya. Idan hazo ya yi kauri ba za a ga nesa ba, shi ya sa na fi son Oktoba da farkon Nuwamba domin wannan hawa.

Akwai wani abu a tuddan ƙasar Sakkwato da mutane kaɗan suka damu da shi, kuma shi ne ya fi burge yara idan aka nuna musu. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin wani teku marar zurfi da ya ratsa inda Sahara take yanzu, sama da shekara miliyan 60 da suka wuce bisa ƙiyasinsu. Shaidar tana nan a ƙasa. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi ragowar halittun wancan teku ne, kuma a cikinsa da cikin laka ta wajen Dange akan sami bawon katantanwa da haƙoran kifi da suka zama dutse. Har ma akwai wani babban dabban teku mai kama da ƙadangare da aka tono ƙasusuwansa a wannan yanki, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, da wani nau'in kada da suka kira Sokotosuchus. Saboda haka idan an hau tudu a sa yara su riƙa duban gefen kwazazzabo inda ruwa ya zaizaye, inda ƙasa take hawa-hawa kala-kala. Idan an tsinci wani abu a duba, a ɗauki hotonsa, a mayar da shi wurinsa. Kada a shiga ramin haƙar dutse na kamfani ba izini, kada kuma a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rarake.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, tana gaba a wannan hanya, kuma faɗin ruwanta shi ne abu mafi kama da teku da ɗan Sakkwato zai gani kusa da gida. Amma ba na haɗa ta da Wurno a rana ɗaya, kuma zuwanta yana buƙatar izinin ma'aikatan wurin da tabbacin tsaro fiye da na ko'ina.

Kaka ce lokacin kokawa da dambe a karkara, bayan an kai gero rumbu aljihu ya yi nauyi. Idan an dace ana yi da rana a garin da aka je, a tsaya a kalla. Wanda ake farawa bayan isha'i kuwa a bar wa 'yan gari.

Lambu

A ƙasashen Turai abin kallo a lambunan kaka shi ne ganyen itatuwa da ke juyewa ja da rawaya kafin ya zube. A nan lamarin ya sha bamban. Kuka tana kakkaɓe ganyenta, ciyawar tudu tana bushewa, amma gawo a daidai lokacin yake fitar da sabon ganye, fadama kuma tana shiga kakarta ta biyu da noman rani. Don haka lambun da za a kalla a Sakkwato lambun aiki ne, mai shi yana ciki da fartanya, kuma ba sai an yi nisa ba. Fadamar Kwalkwalawa da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da gefen tafkin Kware, sun wadatar, kuma su suka fi dacewa da rana ta uku da kowa ya fara gajiya.

Abin da za a tarar ya danganta da wata. A Oktoba ruwa yana janyewa, bado yana kan tafki, ana renon irin albasa da tumatir a ƙananan fangali. A Nuwamba da Disamba ake dashe, injinan ban ruwa suna ta ƙara, latas da karas da kabeji suna fara fitowa, ga tattasai da tarugu. Girbin albasa da tafarnuwa, waɗanda aka san Wurno da Goronyo da su, sai wajen Fabrairu da Maris. A je da sassafe lokacin da balbela da zalɓe suke kiwo a gefen ruwa, ko da yamma lis idan wurin kusa da gari ne.

Ladabin lambu shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure, har da ni. Na taɓa shiga wani lambu da yarana ba tare da na lura da inda suke taka ƙafa ba, ƙaramin ya bi ta tsakiyar fangalin da aka dasa albasa a ranar. Mai lambun dattijo ne, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, kowane ɗan tsiron nan da kuɗi na saye shi." Na ba da haƙuri na ce, "Baba, a gafarce mu, rashin sani ne," na sayi kayan miya fiye da buƙatata, amma kunyar ba ta sake ni ba har muka iso gida. Tun daga ranar nake yin sallama daga bakin shinge, in jira a amsa, in nemi izini, sannan in jera yara a kan kunyar da ke tsakanin fangali, ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsinkar komai, ko da gwaiba ce ta faɗo ƙasa, sai an ce a ɗauka. Ba a taɓa tiyo ko injin ruwa. Ba a ɗaukar hoton mutum yana aiki, balle mace, sai ya yarda.

Idan aka kiyaye wannan, manomin lambu yakan zama malami mai sauƙin kai. A tambaye shi kwana nawa yake yi tsakanin ban ruwa da ban ruwa, me ya sa yake dasa albasa a wannan gefe tumatir a wancan, yaya ake yi da jigo kafin zuwan inji, kuma wace shekara ambaliya ta fi yi masa ɓarna. Tsofaffi da yawa za su ambaci ta 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka a gefen Rima har ta yanke hanyar jami'a. A bar yaro ya riƙe fartanya ya buɗe wa ruwa hanya zuwa fangali ɗaya idan mai lambun ya amince. Kafin a tafi a sayi wani abu a farashin da ya faɗa ba tare da dogon ciniki ba, domin ya ba da lokacinsa, kuma ko yaya ya fi na kasuwa sauƙi. Latas da karas da za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta da gishiri idan an koma gida, saboda da ruwan gulbi ake shayar da su. A zo da buhu ko kwando daga gida, a kwashe ledoji da robobin ruwan da aka sha a koma da su cikin mota, domin ledar da aka yar a fadama cikin akuya ko saniyar wani take ƙarewa.